Ƙashin dattijo bai daina ginuwa ba

Mutane da yawa, har da masu ilimi, sun ɗauka cewa da zarar mutum ya gama tsawo, ƙashinsa ya kammala, sai jiran lalacewa. Shi ya sa in ƙafar dattijo ta lanƙwashe, ko ƙugu ya dame shi, sai a ce tsufa ne ko sanyi. Suna da uzuri, domin tsufa na cin ƙashi da gaske. Amma ƙashin mai rai kullum cikin rushewa da gini yake. Wasu ƙwayoyin halitta suna narkar da tsoho, wasu suna cike gurbin, har cikin kimanin shekara 10 ƙasusuwan jiki sun sabunta.

Cutar Paget ce ta fi fito da wannan fili. Likitan fiɗa na Ingila, James Paget, ya bayyana ta a 1877, bayan ya daɗe yana lura da wani mutum da ƙafafunsa suka lanƙwashe, kansa kuma ya yi ta girma har hularsa ta daina shiga. A wannan cuta masu rushewa ne suke wuce gona da iri, masu gini su bi su a gurguje, kamar magini da ke ɗora tubali ɗanye. Ƙashin sai ya yi kauri, ga girma, ga rauni.

Ta fi kama ƙugu, gadon baya, ƙoƙon kai, cinya da ƙwauri, galibi bayan shekara 50. Ciwonta ba ya jiran motsi, yakan tashi da dare mutum na kwance. Fatar wurin kan ɗauki ɗumi saboda yawan jini, ƙashi na iya karyewa da ƙaramar faɗuwa, in kuma ta shiga ƙoƙon kai, ji ya ragu. Da yawa ba sa jin komai, sai gwajin jini ko hoton ƙashi ya tona ta.

Gado na da hannu, don takan bi dangi. An daɗe ana zargin ƙwayar cutar ƙyanda, amma hujja ba ta tabbata ba. Ta fi yawa a Birtaniya, musamman yankin Lankasha, ba kasafai ake ganin ta a Afirka ba, don haka ba kowace lanƙwasasshiyar ƙafa ce Paget ba.

Akwai magani. Ƙarin ruwa ɗaya na zoledronate kan kwantar da ita shekaru, sai dai ba ya miƙar da ƙashin da ya riga ya lanƙwashe.