Sanƙarau ɗin da allurar rigakafi ba ta tarewa

Idan aka ambaci sanƙarau, hankalin jama'a yakan koma ga annobar da ke ɓarkewa a lokacin bazara. Sai dai akwai wani nau'insa da ba ya jiran zafi, kuma babu rigakafinsa. Ƙwayar da ke haddasa shi, wadda likitoci ke kira Kiriptokokus, dangin fumfuna ce, kamar ƙwayoyin da ke jawo makero da ƙyasfi.

Tana rayuwa a cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace da kashin tsuntsaye, musamman tattabaru. Mutum yakan shaƙe ta a iska ba tare da ya sani ba. Mai ƙarfin garkuwar jiki yakan danne ta. Wanda kuwa cutar HIV ta ci ƙarfinsa, ƙwayar takan bi jini daga huhu zuwa ƙwaƙwalwa. Alamun farko su ne ciwon kai mai naci da zazzaɓi, shi ya sa akan ɗauka cizon sauro ne, har sai ruɗewa ta zo.

An ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 112,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. A watan Oktoban 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyin fumfuna 19 masu barazana, ta sanya wannan cikin huɗu mafi haɗari.

Akwai mafita. Gwajin jini na 'yan mintuna yana iya gano ƙwayar kafin alamu su bayyana. Hukumar ta kuma amince da allurar amfoterisin sau ɗaya, haɗe da ƙwayoyin fulusaitosin da fulukonazol na kwana 14. Matsalar ita ce fulusaitosin ya daɗe yana wuyar samu a ƙasashen Afirka da dama, inda akan koma ga fulukonazol kaɗai, wanda ƙarfinsa bai kai ba.

Dakatar da tallafin ƙasashen waje da Amurka ta yi a Janairun 2025 ta girgiza shirye-shiryen HIV a nahiyar. Duk wanda maganinsa ya yanke, garkuwarsa za ta sake raunana. Don haka tambayar da ke gaban ma'aikatun lafiya ita ce: wane asibiti ke da kayan gwajin, kuma wa zai biya kuɗin maganin?