Ya haddace aya, ya kasa karanta ta: yaron da makarantar coci ta kusa fid da rai da shi

Ranar Lahadi da safe a makarantar Lahadi, malama ta ce wa zai kawo ayar haddar makon jiya. Ɗanki ne ya fara miƙewa, ya zubo ta tiryan-tiryan, aka tafa masa. Ranar Litinin kuma, a ɗakin nan dai da ya koma aji, malam ya rubuta kalma uku a allo ya ce ya karanta. Yaro ya tsaya yana murza bakin rigarsa, 'yan aji suka fashe da dariya. Da yamma ya dawo da shatar bulala a hannu da sabon suna: daƙiƙi.

Idan wannan ya yi kama da abin da ke faruwa a gidanki, dakata kafin ki yarda da sunan nan. Yaron da ke riƙe aya da ka, ya san kowace akuya a garke, ya iya lissafin canji a kasuwar Bichi ko ta Dambatta, ba kai ne ba shi da shi ba. Hanyar da karatu ke shiga kansa ce ta bambanta da ta sauran yara.

Abin yana da suna

Masana suna kiran wahalar haɗa harafi da sautinsa disleksiya. Ba sabon abu ba ne. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin hankali, wanda ya yi shekaru a makaranta bai iya karatu ba. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki ake yin komai, da babu wanda zai fi shi a makarantar. Abin yakan bi jini, don haka kada ki yi mamaki idan kin tuna wani kawunsa da ya gudu daga boko amma ya zama gwanin gini ko kafinta.

Akwai kuma yaron da lissafi ne ke gagararsa, da wanda hannunsa ba ya bin abin da ke kansa in ya zo rubutu, da wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ko tattara hankalinsa na minti biyar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nufin jifa, ko baki, ko alhakin iyaye. Duba Yohanna sura 9: da almajirai suka tambayi Yesu laifin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, amsar da ya bayar ta wanke mutumin ta wanke iyayensa.

Fara da ido da kunne da ciki

Kafin a ce matsalar koyo ce, a tabbatar yaro yana gani, yana ji, kuma ya ci abinci. A ƙasarmu sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa sukan rage wa yaro ji ba tare da an lura ba. Tsaya a bayansa ki kira shi a hankali, ta dama sannan ta hagu. Lura ko yana ƙanƙance ido in yana kallon nesa. Idan kina da shakka, Asibitin Ido na ECWA da ke Kano ya daɗe yana wannan aiki tun zamanin mishan, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma yana da sashen kunne da na yara.

Ki kuma ƙirga kwanakin da ya rasa. Daga shuka zuwa noman farko, sannan cirar gyaɗa da roron wake, yaron karkara kan rasa makonni. Wanda ba ya aji lokacin da aka koyar da haruffa ba mai disleksiya ba ne, cike gurbi kawai yake bukata. Alamar da ta fi nuna matsalar koyo ita ce yaro yana zuwa kullum, lafiyarsa lau, an maimaita masa, amma ya kai aji uku yana rikita haruffa, yana tsallake gaɓa, abin da ya karanta jiya ya ɓace yau.

Coci ta taɓa yin irin wannan

Kula da yaron da aka ware ba baƙon abu ba ne a tarihin makarantun Kirista na Arewa. Mishan ɗin SIM, wanda ECWA ta fito daga cikinsa a 1954, ya riƙe asibitin kutare na Yadakunya a arewa da birnin Kano, da na Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, inda mutanen da duniya ta guje wa suka koyi karatu da rubutu. A Gindiri ta Jihar Filato, mishan ɗin SUM ya buɗe makarantar makafi a 1953. To amma makanta da kuturta ido yana ganinsu. Yaron da bambancinsa ke ɓoye a cikin kai shi ne har yau ake yi wa fassarar lalaci ko taurin kai.

Abin da ke biyo baya kin san shi. Kuɗin makaranta daga buhun gero da ɗan tunkiya yake fitowa. In yaro ya maimaita aji sau biyu, maigida zai ce asara ce, a mayar da shi kiwo. In yarinya ce, sai a tura ta aikatau Sabon Gari, ko a fara zancen aure tun ba ta isa ba.

Abin da za ki nema a makaranta

Ki je da kanki, ba ranar karɓar sakamako ba, ki samu malami cikin girmamawa. Yawancin malaman nan albashinsu bai taka kara ya karya ba, ajin kuma cike yake, don haka ki roƙi abin da ba ya cin kuɗi:

A zaunar da shi a gaba. Kada a tashe shi karatu a gaban aji ba shiri. A ba shi layi biyu tun jiya ya gwada a gida. A rage masa kwafe daga allo. A yi masa wasu tambayoyin jarrabawa da baki. A ajiye bulala a kan kuskuren karatu, domin tsoro ƙara toshe kai yake yi.

Ki nemi a fara masa da Hausa. Rubutun boko na Hausa yana bin sauti, alhali Turanci harafi ɗaya yakan yi sauti iri-iri. Yaron da ya gane sirrin haɗa baƙi da wasali a harshen da yake mafarki da shi ya fi saurin ɗaukar na Turanci daga baya. Sai dai a kula da b da d da ɓ da ɗ: kada a koyar da su rana ɗaya. Sai ɗaya ya zauna daram a kawo na gaba.

Idan malami shi kaɗai ba zai iya ba, kai maganar Zumuntar Mata da wurin fasto. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ikilisiya za ta iya ware matashi ɗaya da ya gama sakandare ya riƙa zama da yara uku ko huɗu bayan an tashi. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimi na musamman, inda shugaban makaranta zai iya neman shawara. Doka ma tana bayanki: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun firamare da ƙaramar sakandare, dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman bambanci kuma an sa mata hannu a 2019.

Minti goma sha biyar a tsakar gida

Bayan cin tuwon dare ko kafin rana ta faɗi, share ƙasa ki zana harafi babba. Ya bi shi da yatsa yana furta sautinsa. Gobe ya ƙera shi da yumɓu. Ido da kunne da hannu in suka yi aiki tare, abu ya fi zama. Lissafi kuma da ƙwayar gyaɗa da karan dawa. Wayar da ke hannunki ma malama ce: akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake saurare, sai ya riƙa ji yana bin layin da yatsa. Da kin ga ya gaji, ku tashi. Kullum kaɗan ya fi awa biyu ranar Asabar da kuka.

Kada kuma ki bari karatu ya cinye duk abin da ya iya. In muryarsa tana da daɗi, ya shiga mawaƙa. In gwanin ganga ne, ga Boys' Brigade. Musa ma ya yi kukan nauyin baki a Fitowa sura 4, ba a sallame shi daga aikin ba, Haruna aka haɗa shi da shi.

Maƙwabciyarki da ɗanta ke fama a Islamiyya ko firamaren gwamnati, ki ba ta wannan labari, don matsalar ba ta tambayar addini. Yau da daddare kuma, kafin ɗanki ya kwanta, faɗa masa abu ɗaya da ya iya wanda kika lura da shi. Wataƙila ya daɗe bai ji irin wannan daga bakin babba ba.