Yadda Matan Zanzibar Suke Farautar Pweza A Duwatsun Bakin Teku

A tsibiran Unguja da Pemba, waɗanda suka haɗu suka zama Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, akwai wata sana'a wadda ba ta bukatar jirgi, ko koma, ko ƙugiya. Sanda mai tsini ko siririn ƙarfe, da kaifin ido, su ne jarinta. Sana'ar ita ce farautar wata dabbar teku mai hannuwa takwas, wadda mutanen wurin suke kira pweza da harshen Suwahili, Turawa kuma su ce da ita oktofas. Tun kaka da kakanni mata ne suka fi yin ta, kuma da ita suke samun na cefane.

Ita dai pweza ba ta da ƙashi ko ɗaya a jikinta. Abu mai tauri da take da shi shi ne bakinta, wanda ya yi kama da na aku, don haka duk kafar da bakin ya shige, to, sauran jikin ma zai bi. Zuciyarta uku ce, jininta kuma shuɗi, domin sinadarin tagulla ne a cikinsa maimakon ƙarfen da ke cikin namu. A ƙarƙashin kowane hannu akwai jerin mazuƙai masu kama abu kamar yadda ƙahon wanzami yake kama fata. Wajen sake launi kuwa hawainiya ba ta kama ƙafarta ba, gama kafin ƙiftawar ido takan koma launin dutsen da ta kwanta a kai, har fatarta ta yi gurje-gurje irin nasa.

To, yaya ake samun abin da ya iya ɓuya haka? Da farko sai an san lokaci. Sau biyu a kowace rana ruwan teku yakan cika ya kuma janye, amma janyewar ta fi tsanani sau biyu a wata, watau lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika goma sha huɗu. Waɗannan kwanaki su ne ake kira bamvua. A cikinsu ne ruwa yakan ja da baya nesa, ya bar wani makeken fili na duwatsun murjani, da 'yan kududdufai waɗanda ba su wuce idon sawu ko gwiwa ba. Sa'o'i kaɗan ke gare su kafin ruwa ya komo, kuma wadda ta yi nisa ta shagala, tana iya gamuwa da halaka.

Gwanar sana'ar ba dabbar take nema da ido ba, ƙofar gidanta take nema. Pweza takan kamo ƙaguwa da katantanwar teku ta kai raminta ta ci, sa'an nan ta turo ɓawon waje, ya taru a bakin ramin kamar juji. Idan ɓawon sabo ne, fes, gansakuka ba ta hau shi ba, to, mai gida tana ciki ko tana kusa. Har ila yau takan jawo ƙananan duwatsu ta tare ƙofa da su, don haka tsakuwar da aka ga an jera ta inda igiyar ruwa ba za ta jera ta ba, ita ma shaida ce. Wani lokaci abin da za a hango bai wuce ido ɗaya yana leƙe daga cikin duhu ba. Sai a zura sanda a hankali, idan aka ji an riƙe ta daga ciki, magana ta ƙare. Baƙo yana iya taka ramuka goma bai lura da ko ɗaya ba.

Irin da aka fi kamawa a wannan gaɓa shi ne wanda masana suke kira Octopus cyanea, mai fita kiwo da rana, ana gane shi da baƙaƙen tabo guda biyu masu kama da idanu a ƙasan idanunsa na gaskiya. Kada a haɗa shi da ɗan'uwansa ngisi, wanda hannuwansa goma ne, yana kuma yawo a sararin ruwa maimakon zaman rami. A gaɓar Ostareliya kuwa akwai wata 'yar ƙarama mai shuɗɗan zobba a jiki, wadda dafinta yake kashe mutum, kuma har yanzu ba a sami makarinsa ba.

Abin da aka kamo akan buga shi da ƙasa har naman ya yi laushi, a dafa da madarar kwakwa, ko a shanya, ko a sayar.

Sayarwar ce ta kawo matsala. Da 'yan kasuwa suka fara saye don kaiwa Turai, sai maza suka shigo sana'ar da gilashin nutso, suna bin ramukan da ke cikin zurfi, inda mata ba sa kaiwa, inda kuma manyan dabbobin suke ƙwai. Ga shi macen pweza sau ɗaya take ƙwai a rayuwarta, ta zauna gadinsa ba ci har ya ƙyanƙyashe, sa'an nan ta mutu. Abin da matan suke samu a tudu ya dinga ƙanƙancewa.

Sa'ar da aka yi ita ce dabbar tana da saurin girma, domin duka rayuwarta ba ta wuce wata 12 zuwa 15 ba. A kan wannan ne mutanen ƙauyen Andavadoaka na ƙasar Madagaska suka dogara a shekarar 1 ga gwajinsu, watau 2004, suka hana farauta a wani yanki na 'yan watanni, da aka buɗe kuwa aka sami manya-manya. A 2015 mutanen Kisiwa Panza da ke Pemba suka bi sahu, da taimakon ƙungiyar Mwambao, suka rufe nasu yankin na wata uku, daga nan wasu ƙauyuka suka kwaikwaya. Amma fa rufewa sai da masu gadi, saboda ɓarayin dare, kuma ranar buɗewa jama'a takan yi cincirindo, masu nutso su kwashe kaso mai tsoka kafin mace mai sanda ta kai ga rami na biyu.