Tafiya a Sararin Samaniya Ba da Inji Ba

Duk wanda ya taɓa zama a Moriki ko Shinkafi a ƙarshen bazara, lokacin da shamuwa ta dawo daga kudu tana ɗinka sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ya san cewa ba a ganinta can ƙololuwar sama da sassafe. Sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗauki zafi, sa'an nan za a ga ta shimfiɗa fikafikai tana kewaya wuri guda, tana ta ɗaukaka ba tare da ta kaɗa su ba, har ta koma ɗan ɗigo a ido, daga nan kuma ta miƙe sak ta nufi wata nahiya. Haka shirwa take yi, haka ma ungulu, wadda yanzu ta yi ƙaranci a mayankanmu. A Suratul Mulk an umurci ɗan Adam ya dubi tsuntsaye a wannan hali, kuma wasu mutane sun dube su har sun kwaikwayi sana'ar.

Masanin tarihi Al-Maƙƙari ya ruwaito cewa Abbas bin Firnas na Ƙurɗuba ya ɗaura fikafikai ya yi shawagi tun a ƙarni na 9. Bajamushe Otto Lilienthal, wanda ya daɗe yana nazarin farar shamuwar Turai, ya yi ta durgowa daga kan tuddai da fikafikan da ya ƙera daga 1891, har ya faɗo ya rasu a 1896. Daga baya Francis Rogallo na Amurka ya ƙago fiffiken ƙyalle mai lanƙwasa a 1948, John Dickenson na Ostareliya kuma ya sa masa mariƙi a 1963, aka sami fiffiken rataye da ake tashi da shi a yau. Faɗinsa kamar mita 10 ne, nauyinsa bai cika wuce kilo 35 ba. Matuƙi yana rataye a ƙarƙashinsa cikin wata jaka, kwance rubda ciki, yana riƙe da ƙarfe mai kusurwa uku. In ya jawo ƙarfen zuwa cikinsa gudu ya ƙaru, in ya tura shi gaba gudu ya ragu, in kuma ya karkata jikinsa dama ko hagu fiffiken ya bi. A ƙasa mai duwatsu daga kan dutse ake durgowa, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu kuwa da igiya ake jan mutum, da mota ko da ƙaramin jirgi, sai ya yi sama ya saki igiyar.

Daga wannan lokaci kullum gangarowa yake yi, kimanin mita ɗaya a kowace daƙiƙa. Fiffike mai kyau yakan ci mita 15 gaba a kan kowace mita ɗaya da ya sauko, saboda haka wanda ya kai tsayin mita 2,000 yana da kamar kilomita 30 a hannunsa in iska na tsaye, wato kusan tazarar Moriki zuwa Ƙauran Namoda. Wanda yake son ya zarce haka dole ne ya sami iskar da take hawa fiye da yadda shi yake sauka. Misalinsa misalin ayarin fatake ne a cikin Sahara, da ba ya barin wata rijiya face madugu ya san inda ta gaba take da kuma ko ruwan salka zai kai su, illa dai ita wannan rijiya ba a ganinta, ba ta zama wuri guda, kuma takan ƙafe cikin 'yan mintoci.

Asalin abin kuwa shi ne rana ba iska take fara gasawa ba, ƙasa take gasawa, ƙasar kuma ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta, wadda in ta yi zafi sai ta yi sauƙi ta ɓalle ta yi sama kamar ginshiƙi. Wurare ba ɗaya suke ba a wajen ɗaukar zafi. Fako, da gonar da aka share aka ƙone, da falalen dutse, da gari mai rufin kwano, duk sun fi fadama da duhuwar itatuwa saurin zafi. Guguwar da takan taso a fili da azahar ta kwashi kara da leda, wadda yara ke gudu ana cewa aljanu ne ke wucewa, gindin irin wannan ginshiƙi ce ƙura ta bayyana. Yayin da iskar ke hawa tana hucewa da kimanin digiri ɗaya a kowace mita 100, har ta kai inda tururin da ke cikinta zai koma ɗigon ruwa, a nan ne gajimare fari mai shimfiɗaɗɗen gindi yake tsayawa a kanta tamkar hula.

To, a nan ne ijtihadin matuƙi yake farawa, domin abin da yake da shi alamu ne kawai, yaƙini kuwa babu. Ƙa'idar masu wannan fanni ita ce, in kana sama sosai ka karanta gajimare, in ka yi ƙasa ka karanta ƙasa. Gajimaren da bakinsa ke da kaifi, gindinsa ya yi duhu, yana kan girma, da rai a ƙarƙashinsa. Wanda ya fara yagewa kamar tsohuwar auduga ya riga ya mutu, wanda ya nufe shi iska mai sauka zai tarar. Har ma mai ran sai an yi masa ƙiyasi, saboda in tafiyar minti 10 ce tsakaninku, mai yiwuwa ne kafin ka isa ya watse, ɗan ƙaramin da yake ɓullowa a gefensa ya fi shi amfani. A jikin mariƙi akwai 'yar na'ura mai ƙara, tana tsiwa da sauri in ana hawa, tana gurnani in ana faɗuwa, amma labarin inda kake kaɗai take bayarwa. Labarin abin da ke gaba sai a wurin ido, da kuma tsuntsun da aka hango yana kewayawa, wanda ya fi kowace na'ura gaskiya.

Hukunci mafi wuya, a ganina, shi ne na barin ginshiƙin da mutum yake ciki. Sabon shiga yakan manne wa duk iskar da ta ɗaga shi, komai rauninta, har sai ta ƙare, domin tsoron faɗuwa, alhali kuwa rana tana tafiya, kuma tashin iska yana mutuwa ne da faɗuwar rana. Gwani yakan bar mai rauni tun tana hawa, in yana kyautata zaton akwai mai ƙarfi a gaba. Paul MacCready, wanda ya ci gasar duniya ta jiragen da ba su da inji a 1956, shi ya tsara lissafin da ke nuna cewa a cikin iska mai sauka gudu ake ƙarawa don a fita da wuri, ko da yake ran mutum na raya masa ya rage, kuma gwargwadon ƙarfin hawan da ake sa rai a gaba, gwargwadon saurin da ya kamata a yi zuwa gare shi.

Sai batun hanya. Madaidaiciyar hanya a taswira ba lalle ba ce ita ce gajeriya. A farkon damina iska daga kudu maso yamma take busowa, don haka wanda ya tashi daga Moriki wajen Maraɗi za ta tura shi, da hunturu kuma akasin haka, ga hazo da ke rage ƙarfin rana ya rufe ido. Wani lokaci gajimare yakan jeru layi ɗaya bisa hanyar iska, mutum ya bi ƙarƙashinsa kilomitoci da dama bai kewaya ba, wannan ya cancanci a ratse dominsa. Fadama mai danshi kamar ta Gulbin Gagere, ko wurin da aka yi ruwa jiya, ko dajin da babu filin sauka, ba a shigarsu sai da tsayin da zai ƙetarar da mutum ko bai sami komai a tsakiya ba. Farar shamuwar Turai wannan hukunci take yi duk shekara: teku ba ya ta da iska mai zafi, saboda haka ba ta ratsa tsakiyar Bahar Rum, sai ta zagaya ta mashigin Jabal Ɗariƙ ko ta Istanbul.

Hadari kuwa ba a shawara da shi. A watan Fabrairu na 2007 hadari ya zuƙe Ewa Wiśnierska, mai tashi da fiffiken lema, a Ostareliya, ya kai ta kusan mita 10,000, ta suma cikin ƙanƙara, da ƙarar kwana ta sauko da rai. Irin hadarin gabas da ke taso mana da guguwa a gabansa bai gaza wancan ba, wanda ya ga ya haɗo sauka ce ta wajaba a kansa tun iskar ba ta iso ba, ya duba hayaƙi don sanin inda take busowa, ya fuskance ta, ya kiyayi wayoyin lantarki. A Zamfara ma an yanke hukuncin da ya riga na matuƙi a watan Maris na 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a samaniyar jihar saboda matsalar tsaro.

Tafiya mafi nisa da hukumar wasannin sama ta duniya ta tabbatar da fiffiken rataye a 2012 ita ce ta Dustin Martin, wanda ya tashi daga Zapata a jihar Teksas ranar 3 ga Yuli, ya yi kamar awa 11 a sama, ya ci kilomita 764, fiye da tazarar Moriki zuwa Maiduguri a miƙe. Tare suka yini da Jonny Durand na Ostareliya, kowa yana lura da inda ɗan'uwansa ya sami hawa. Da almuru ta gabato, Martin ya ci karo da ɗan ragowar iska mai rauni, irin wadda da tsakar rana ba zai tsaya mata ba, ya tsaya ya kewaya a cikinta, tsayin da ya ƙara da ita kuwa shi ya wuce da shi gaban Durand da 'yan kilomitoci.