Kafin magana ta tsallaka katangar makaranta

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dayi, ya wuce Rimin Gado da Kabo har ya isa Gwarzo, ba lalle ne ya san cewa a ƙauyukan da ke nesa da kwalta akwai Hausawa Kirista ba. Akasarinsu jikokin Maguzawa ne. Gonakinsu gado ne, Hausarsu ta Kano ce, kuma a zuriya ɗaya sai ka tarar wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa majami'a. Mishan ɗin SIM, wanda aka kafa a 1893, ya yi aiki a wannan yanki, har da makarantar 'yan mata a Kabo da ta Littafi Mai Tsarki a Tofa, kuma daga aikinsa ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A cikin jikokin nan akwai malamai da hedimastoci, wasu a makarantun ikilisiya, wasu a na gwamnati. A kansu nake magana, domin ban ga shugaban makarantar da ya fi su buƙatar iya sulhu ba, ban kuma ga wanda kuskurensa ya fi nasu tsada ba.

Tarihin Arewa ne ya sa na faɗi haka. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 a harabar kwalejin ilimi ya fara, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A Maris 2007 ɗalibai suka kashe malama Christianah Oluwasesin a wata sakandaren gwamnati a Gombe, tana tsaron jarrabawa, bisa zargin ta wulaƙanta Alƙur'ani. A Satumba 2007, a nan Jihar Kano, zargin wani zanen ɓatanci a sakandaren Tudun Wada ya koma ƙone majami'u da asarar rayuka. A Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, kan saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Babu uzurin kisa a ko ɗaya daga ciki, kuma alhakin yana wuyan waɗanda suka yi da hukumar da ta kasa hukunta su. Amma duk a makaranta suka tashi, kuma tsakanin kalmar farko da taruwar jama'a akwai ɗan lokaci, ko da sa'a guda ce. A cikin wannan ɗan lokacin ne aikin shugaba yake.

Sai dai yawancin saɓanin da ke zuwa ofishin hedimasta ba na addini ba ne. Malami ya zane yaro har bulala ta yi shati. An ce an karɓi kuɗin jarrabawa babu rasit. Akuyar maƙwabci ta cinye shukar makaranta. Malamai biyu ba sa ga-maciji saboda rabon darussa. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Haɗarin shi ne, inda mutane suke zaune da addini biyu, kowace ƙaramar magana tana iya sa rigar addini kafin la'asar. Gwanintar farko ita ce shugaba ya kira abu da sunansa tun da wuri: wannan maganar bulala ce, a kan bulala za mu tsaya.

A ɗauka uwa ta shigo da safe, ta riƙo hannun ɗanta, ta ɗaga rigarsa tun daga bakin ƙofa tana cewa, "Malam, dubi bayan yaron nan. Don ba ɗanku ba ne?" Ɗalibai sun fara leƙe ta taga. Shugaban da ya san aikinsa ba zai amsa tambayar ba tukuna. Zai miƙe, ya jawo mata kujera, ya kori masu leƙe zuwa aji, ya duba bayan yaron da idonsa, ya ce, "Sannu, Mama. Zauna ki faɗa mini yadda aka yi, daga farko." Ba zai katse ta ba, ba kuma zai aika a kira malamin nan take don a yi ta cacar baki a gaban yaro ba. Zai ji malamin shi kaɗai daga baya, sa'an nan ya haɗa su. Littafin Karin Magana, sura 18 aya 17, ya yi kashedi cewa mai fara kai ƙara kullum kamar shi ne mai gaskiya, har sai an ji ɗayan. Ga Kirista kuwa, wannan bin mataki umarni ne. A Bisharar Matiyu sura 18, Yesu Almasihu ya tsara shi: a fara magana tsakanin mutum biyu, in ba ta yiwu ba a ƙara shaida ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban jama'a. Hikimar ita ce a bar wa mai laifi ƙofar da zai amsa kuskurensa ba tare da an tsinka shi a bainar jama'a ba. Bahaushe kan jure asara, amma da wuya ya manta da wanda ya ci masa mutunci a gaban yara.

Inda nake ganin shugabanni da yawa suna tuntuɓe shi ne wajen ɗaukar sulhu a matsayin rufa-rufa. "A yi haƙuri, a bar wa Allah," sai kowa ya tashi, alhali ba a taɓa tushen maganar ba. Wanda aka zalunta ya koma gida da abinsa a ciki, kuma ranar da zai fito da shi ba a ofis zai fito da shi ba. Littafin Ayyukan Manzanni sura 6 ya nuna wata hanya dabam, kuma da ni ne da na sa kowane hedimasta ya riƙa karanta ta a farkon zango. Ikilisiyar farko a Urushalima tana rabon abinci kullum, sai masu jin Helenanci suka koka cewa ana tsallake gwaurayensu mata. Ƙorafin ɓangaranci ne tsantsa, irin wanda kan raba jama'a gida biyu. Manzannin ba su musa ba, ba su ce ana neman tada fitina ba, ba su kuma yi wa masu kuka wa'azin haƙuri ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓo mutum bakwai amintattu a danƙa musu rabon. Duka bakwai ɗin, har da Istifanas da Filibus, sunayen Helenanci gare su, abin da ya sa masana da yawa ke ganin daga ɓangaren masu ƙorafin aka zaɓo su. Wato an gyara tsarin da ya haifi kukan, aka kuma sa hannun masu kukan a cikin gyaran.

A makarantar ƙauye, ma'anar wannan a fili take. Idan iyaye Musulmi a makarantar ikilisiya sun ce ana sa 'ya'yansu waƙoƙin sujada a taron safe, a duba, in gaskiya ne a daina, a kuma sa ɗaya daga cikinsu a kwamitin iyaye da malamai. Idan ana zargin kuɗi, a kafa lissafi a allon sanarwa, a ba wanda ya fi kowa ƙorafi aikin duba rasit. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyarwa ko ibadar addinin da ba nasa ba, kuma wannan kariya ta kowa ce. Shugaban da ya kiyaye ta ga ɗan Musulmi a makarantarsa, shi ne zai iya tsayawa gaban sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya nemi malamin addinin Kirista ga yaran da ba su da shi, koken da iyaye Kirista a Kano suka daɗe suna yi. Yafewa wajibi ce ga mai bin Almasihu, amma abin da aka yi masa shi kansa yake da ikon yafewa. Haƙƙin yaron da aka ba shi amana ba nasa ba ne da zai yafe.

Sauran aikin a wajen katanga yake. Tun ran gini, tun ran zane: hedimastan da bai taɓa zuwa gaida dagaci ba, bai je ta'aziyya gidan liman ba, bai san mai unguwa ba sai ranar da ake jifan ƙofarsa, ya makara. Wanda ya saba shiga zaure ya cire takalmi ya ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ya faru, na ce kada ka ji a bakin wani," ya sami abokin da kalmarsa ɗaya za ta mayar da samari gida. Wannan ba sassauci ba ne a bangaskiya. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna sun taɓa jagorantar matasa masu gaba da juna. Wuye ya rasa hannu a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. Tun daga 1995 suke aikin sulhu tare, kuma babu wanda ya bar addininsa a cikinsu.

Akwai kuma ranar da magana ba za ta yi aiki ba. Idan zargin ɓatanci ya tashi kuma an fara taruwa, ba lokacin bincike ba ne. A fitar da wanda ake zargi daga harabar nan take, a kira 'yan sanda da dagaci da liman a lokaci guda, a bar sauran bayani sai an tsira da rai. Ya kamata kowace makaranta a Gwarzo da Kabo ta zauna da malamanta a makon farko na zango ta tsayar da wannan: wa zai buga waya, wa zai tsare ɗalibai a aji, ta wace ƙofa za a fita, kuma babur ɗin wa za a hau.