Gaurakan Da Ke Tsakar Gidan Alhaji, Daga Ina Ya Fito?

Da bazara, in rana ta kai tsakiya a Garwa zafi kan haura digiri 40, ƙananan tafkuna su ƙafe, tsuntsayen ruwa su tattaru inda ruwa ya saura: bakin Binuwai, tafkin madatsar Lagdo da aka gama a 1982, da na Maga can wajen Marwa. Dinya, kirinjijiya, zalɓe da balbela ba su zama labari ba. Amma masu kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa, ciki har da ɗaliban makarantar koyon kula da namun daji ta Garwa wadda aka buɗe a 1970, in suka yi dace da gauraki biyu suna kiwo a bakin ruwa, ranar sai sun rubuta a littafi. Dattawanmu kuwa garke-garke suka san shi.

To ina ya tafi? Wani ɓangare na amsar yana cikin gidajenmu. Na shiga gidan wani mai hali a cikin gari, na tarar da gauraka guda yana zagaye tsakanin motoci a kan siminti. An yanke masa gashin fiffike ɗaya, tukkun nan mai ruwan zinariya ya yi duƙun-duƙun, ƙafarsa ta kumbura, gabansa kwanon ragowar shinkafa da miya. Yara na tsokanarsa da kara. Mai gidan ya ce mini, yana murmushi, "Malam, ai ado ne, kuma yana kore sharri." Subhanallahi! Tsuntsun da bai iya kare kansa daga almakashi ba, shi zai kare gida?

Mai saye bai cika tambayar yadda aka yi tsuntsun ya iso hannunsa ba. Gauraka da damina yake sheƙa, a cikin ciyawar fadama mai ruwa, ƙwai biyu ko uku galibi, namiji da mace su yi ta karɓa-karɓar kwanci wajen wata guda. Masu kamu sun san wannan sarai. Su bi sawu su kwashe 'yan tsakin tun ba su iya tashi ba, ko su ɗana wa manyan tarko a wurin kiwo. A cusa su a buhu ko kwali, a ɗaure bayan babur cikin zafin nan. Da yawa a hanya suke mutuwa, don haka guda ɗaya da ka gani a tsakar gida, wasu sun halaka kafin shi. Wanda ya rayun ma da wuya ya hayayyafa a tsare. Gauraki biyu-biyu suke zama, in an ɗauke ɗaya an rushe sheƙar baɗi. Shi kuwa Alhaji in nasa ya mutu, sai ya kira dillali a kawo wani.

Gaskiya ne akwai laifin ƙafewar fadamu. Madatsar Maga ta 1979 ta tare ambaliyar da ke shayar da filayen Waza da Logon, sai a 1994 aka fara sake musu ruwa. Wannan aikin hukuma ne. Saye da ajiyewa kuwa aikinmu ne. Ƙididdigar farkon shekarun 2000 ta nuna irin gaurakan na Afirka ta Yamma bai wuce kimanin 15,000 ba, kuma yankin Waza da Logon na cikin 'yan wuraren da suka rage masa. Maƙwabtanmu na Najeriya, inda a da yake ko'ina a fadamun Arewa, yau da ƙyar ake ganinsa a daji. Tun 2010 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana a duniya, a 2019 kuma taron ƙasashe a Janeba ya haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Mai tsallaka iyaka da shi zuwa Yola ko Mubi ya san da haka.

Saura 'yan boko masu waya, su ma ba su tsira ba. Mutum ya hango gauraki a bakin tafki, ya ɗauki hoto, kafin ya koma gida ya watsa a Facebook da WhatsApp, har da sunan ƙauyen da kwatancen mashigar ruwan. Wa ya gaya maka masu tarko ba su da waya? Sa hotonka in kana so, amma ka ɓoye wurin. In kana son a rubuta, ka sanar da malaman makarantar namun daji ko jami'an gandun daji. Kada ka matsa kusa don hoto ya fito. In ka ga sun miƙe wuya sun daina kiwo, ka riga ka wuce gona da iri, ja da baya.

In an kawo maka talla, kada ka saya, ko da tausayi ne ya kama ka, domin kuɗin tausayin nan shi ke mai da mai kamun cikin fadama gobe. Manomi ko makiyayin da ya ci karo da sheƙa ya kauda shanu da karnuka har 'yan tsakin su tashi. Tsuntsun ma fara yake cinye masa. Wanda kuma yake da shi a gida yanzu, kada ya kai shi daji ya yar da yankakken fiffike, kare ko dila ne zai cinye shi kafin gari ya waye. Ya je ofishin ma'aikatar gandun daji da namun daji a Garwa ya faɗa musu, su san inda za a kai shi.