Allurar mai da tsohuwa yarinya da insulin: Danginsu ɗaya, amma hujjarsu ta bambanta

Tallar allurar gulutatayon da garin kolajin, waɗanda ake cewa suna hasken fata da kawar da tamoji, tana isa wayoyin mata a Gusau da Tsafe da Bungudu ta Facebook da TikTok. Masu tallar kan kira su feftaid, wato 'yan gajerun sarƙoƙi na sinadaran amino asid, tubalin furotin. Sunan gaskiya ne, sai dai magungunan da ke ƙarƙashinsa ba matsayinsu ɗaya ba.

Akwai waɗanda likitanci ya tabbatar da amfaninsu. Insulin, mai amino asid 51, an gano shi a Toronto a 1921, kuma da shi masu ciwon suga da yawa suke rayuwa. Oksitosin, mai guda 9, shi ne allurar da ungozoma ke yi wa mai jego domin mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Dukansu suna da cutar da aka yi su dominta da ƙayyadadden awo, kuma ma'aikatan lafiya ne ke bayar da su, kamar a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau.

Gulutatayon kuwa amino asid 3 ne, jiki ma yana samar da nasa. Hukumomin magunguna na Amurka da Filifins sun yi gargaɗi kan allurarsa domin hasken fata, kuma na Filifins sun ambaci illa ga hanta da ƙoda. Shi kuma kolajin da ake sha, ciki yana narkar da shi kamar sauran furotin, sannan binciken da ke nuna yana rage tamoji bai yi ƙarfi ba. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

Zafi ma abin lura ne. Insulin da oksitosin suna buƙatar sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, alhali zafin bazara a Zamfara yakan kai digiri 40. Allurar da ta daɗe a kantar kemis babu sanyi tana iya rasa ƙarfinta.

Don haka kafin a miƙa hannu a karɓi allura, ya kamata a duba lambar rajistar NAFDAC, a tambayi inda aka adana ta, a kuma san likitan da ya rubuta ta.